Wa Ya Ƙona Muku Kayan Kiɗa?

Haɗejia,
Bayan Ista.

Zuwa ga ɗana Istifanus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana nan lafiya, kai da Barnabas da Keziya da sauran abokan waƙarka a Legas. Ya aiki, ya gajiya? Mu nan lafiya lau, sai dai zafin bazara da ka sani, da gwiwata da ke yi min tsiya idan na daɗe a tsaye.

Bayan haka, kada ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Na kira wayarka har na gaji. Kullum wani ne yake ɗauka, ya ce shi manaja ne, wai Tifa yana situdiyo. Ni ban haifi Tifa ba. Kuma ko kai ka ɗauka na san halinka, za ka fara min “Mama, Mama” da muryar nan taka har in manta abin da ya sa na kira. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba direban da ke kai busasshen kifi Legas. Takarda ba ta jin daɗin baki.

Ranar kasuwa na je sayen tarwaɗa. Na tarar da matasa sun yi cincirindo a rumfar Inuwa mai kifi, sun duƙufa a kan waya. Da suka gan ni sai suka ja da baya. Inuwa, wanda da hannuna na karɓi haihuwarsa, ya kasa kallon idona. Ya miƙo min wayar ya ce, “Ungozoma, ba ɗanki ne wannan ba?”

Kai ne. Kana zaune cikin baƙaƙen kaya, kana magana da Turanci kafin waƙa ta fara. Na ji ka da kunnena kana cewa a Haɗejia aka kore ku saboda kuna rera sunan Yesu. Wai taron mutane suka zo suka ƙona muku ganguna da jita. Sannan ka naɗe hannun riga ka nuna tabon da ke damtsenka, ka ce saran adda ne. Bayan nan aka nuno hoton ƙofar gidana, ga zauren maƙwabcinmu Malam Fannami a jikinta, aka sa wuta tana ci a kan hoton. Sai kiɗa ya tashi, Barnabas yana kaɗa jitar nan mai kuka, kai kana zuba baiti, Keziya tana amshi tana share hawaye.

Istifanus, a tsakiyar kasuwar kifi na ga wannan abu. Ban san lokacin da na bar kifin da na saya a kan tebur na tafi ba.

Tunda ka manta, bari in tuna maka yadda ƙungiyarku ta Ƙaho Bakwai ta fara, don ina nan aka yi komai. Bayan rasuwar babanka kuka soma taruwa a ɗakin baya, kai da Barnabas da Keziya, kuna buga bokiti da tebur. Na bar ku don na ga abin yana cire maka baƙin ciki. Da kuka sami jita mai lantarki da sifika, wa ya fara hana ku? Dattawan ikilisiyarmu ne. A bikin Kirsimetin matasa kuna tsakiyar waƙa Dattijo Filibus ya tashi ya zare wayar sifikar daga bango, ya ce ba za a yi gambarar ’yan tasha a gidan Allah ba. Ka dawo gida kana kuka kamar ƙaramin yaro. Ban ji ka faɗi wannan a bidiyonka ba.

Wanda ya ba ku wurin gwaji shi ne Malam Fannami, Musulmi, mai zuwa masallaci tun kafin ladan ya buɗe baki. Ya kwashe kwalayen kifi daga tsohon sitonsa ya ba ku mabuɗi. Sharaɗinsa ɗaya ne, in an kira salla ku dakata. Ya sha ce min shi ba ya gane kan wannan kiɗa naku, kamar ana faɗa da tukwane, amma gara yara su yi hayaniya inda ake ganinsu. Matarsa Hajiya Bara’atu ita ke aiko muku da kunun tsamiya in kun daɗe. Har yau in na tuna ku nakan ji ƙarnin kifin da ke bin rigunanku.

Waƙoƙinku na farko kuwa, wa ya ɗauke su? Ɗansu Abdulfattah ne, abokinka tun kuna yawo ba wando. Ya lulluɓe bangon shagonsa na gyaran waya da katifa da kwalin ƙwai don murya ta fita. Abokansa suna yi masa ba’a, suna ce masa injiniyan coci, bai fasa ba. Daga wayarsa waƙoƙin suka bazu zuwa Gumel da Nguru da Sabon Garin Kano, har aka gayyace ku Jos, daga Jos kuka wuce Legas. A lokacin da Hausa kuke waƙa, kuma ni kaina nakan rera amshin ina wanke-wanke.

Kayan kiɗanku ba wuta ce ta ci su ba, ruwa ne. Shekarar da jingar da ke tare kogi ta ɓalle, da hantsi ruwa ya shigo unguwa, kafin azahar ya kai ƙugu a siton. Malam Fannami da furfurarsa ya shiga ruwan nan, shi da Abdulfattah da wasu masunta mutanen Auyo da suka kawo kwale-kwale. A kai suka ɗauko sifikoki. Gangunan sun jiƙe sun lalace, amma jitar Barnabas ta tsira, kuma ita ce dai na gani a hannunsa a bidiyon da aka ce an ƙona ta. Tabon damtsenka kuwa, kwanon rufin siton ne ya yanke ka kana ƙoƙarin fitowa. Ni na ɗinke shi a barandar makarantar firamare inda muka yi gudun ruwa, Hajiya Bara’atu tana riƙe da kanka a cinyarta tana yi maka sannu. Ɗinkina ne ka nuna wa duniya ka ce adda ce.

Ban ce babu inda aka zalunci masu bi a ƙasar nan ba. Ka san dalilin da ya sa ƙanwata ta bar garinmu a Borno, ka san ’ya’yan wa muka binne. Waɗannan mutane suna da labarinsu, da jininsu suka saye shi. Kai ka ɗauko rigarsu ka sa don a tafa maka, sannan ka shafa wa maƙwabcinka baƙin da bai yi ba.

Ka cire wannan abu, ka fito ka faɗi gaskiya. Ina jiran amsarka daga bakinka, ba daga bakin manaja ba.

Ka gaida Barnabas da Keziya, ka ce musu na ga fuskokinsu su ma. Ubangiji ya kiyaye ka.

Mahaifiyarka,
Afiniki.

Haɗejia,
Farkon damina.

Ɗana Istifanus,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya jama’arka? An fara ruwa a nan, manoma sun fita, kogi ya soma cika. Gwiwata da sauƙi.

Direba ya tabbatar min a hannunka ya sa takardata. Na jira, sai ga wayar manajanka. Ya yi ta ce min “Momi”, ya ce in kwantar da hankalina, wai waƙar ba labarin mutum ɗaya ba ce, hoto ce ta abin da ke faruwa a Arewa gaba ɗaya. Na tambaye shi, in hoto ce ta Arewa gaba ɗaya, me ya kawo ƙofar gidana da zauren Malam Fannami a ciki? Ya yi dariya. Ya ce albarkacin waƙar nan wasu majami’u a ƙasashen Turawa sun gayyace ku zagayen waƙa, ƙofa ce Allah ya buɗe, kada in zama mai rufe ta. Ya ce in na ga zama a Haɗejia ya yi min wuya za su kama min gida a Jos. Na kashe wayar don kada in faɗi abin da zai hana ni cin jibin Ubangiji a coci ranar Lahadi.

To bari ka ji yadda ƙofar da aka buɗe muku take a nan.

Abdulfattah ya rufe shago. Wasu matasa suka rubuta masa zagi a ƙofa da gawayi, suka ce shi ya raini macizan da suka sari gari. Wasu kuma daga nesa, waɗanda ba su taɓa taka Haɗejia ba, sun gano sunansa a jikin tsofaffin waƙoƙinku, suna aiko masa da saƙo cewa shi ne ɗan leƙen asirin da ya kai ku ga masu adda. Duka biyu a kansa. Yanzu gonar shinkafar kawunsa yake zuwa a Auyo, mutumin da hannunsa bai saba da lauje ba. Mun haɗu a lungu, ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ya tambaye ni gwiwa. Bai ambaci sunanka ba. Da ma zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Mai unguwa ya aiko aka kira ni. Shekarun da na yi a garin nan ban taɓa zama gabansa a kan wata magana ba sai ta allurar rigakafi. Cikin mutunci ya yi min magana, ya ce sun san ni, sun san marigayi babanka, ba abin da zai taɓa ni. Amma ya ce yara suna da zafin kai, gara mu masu zuwa coci mu rage tsayawa a bakin titi in an tashi sujada. Ka ji? Matan zumuntar coci da ke sayar da ƙosai da masu ɗinki a kasuwa yanzu kowace tana tafiya tana waige. Tsoron da ka ce da shi ka girma, wanda ba ka taɓa saninsa ba, yanzu ka aiko mana da shi daga Legas.

Abin da ya fi ba ni haushi, Dattijo Filibus da ya zare muku waya shi ne yanzu yake yawo da hotonku, yana cewa ’ya’yan ikilisiyarmu ne, a kafaɗarsa kuka girma. Ya tsaya a gaban jama’a ya ce a yi addu’a domin shaidar da kuke bayarwa. Na miƙe a tsakiyar majami’a na ce, “Wace shaida? Dattijo, kana garin nan, yaushe aka yi gobarar?” Fasto ya ce in zauna, za a duba maganar a majalisa. Har yau ana dubawa.

Amma duk wannan ba shi ya hana ni cin abinci ba. Adila matar Abdulfattah ta haihu makon jiya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina jin naƙudarta ina tsakar gida ina tsintar wake. Na wanke hannu, na ɗauko jakata na ajiye a bakin ƙofa, ina jira a ƙwanƙwasa. Duk yaran gidan nan, har shi Abdulfattah, ni na yanke musu cibiya. Sai na ji ƙarar keke mai ƙafa uku, aka ɗauke ta aka tafi asibiti. Ba wanda ya leƙo. Da yamma Hajiya Bara’atu ta aiko jikarta ta ce an sami mace. Ta aiko, Istifanus. Matar da in ta yi sabuwar miya sai ta ɗaga murya ta kan katanga ta ce in miƙo kwano.

Na shiga barka. Ta karɓe ni, ta shimfiɗa min tabarma, ta miƙo min jaririya. Muka yi ta gaisuwa kamar baƙi. Da zan fita ta rako ni zaure, ta ce, “Ungozoma, ni ba ruwana da abin da ke cikin waya. Amma Malam ya sa an fassara masa. Tun ranar bai ƙara zama a ƙofar gida ba.” Ta juya ta koma ciki.

Ka san abin da doka ta tara cikin Dokoki Goma ta ce game da shaidar zur a kan maƙwabci, ni na koya maka ita kafin ka iya ɗaura takalmi. Ina ba ka daga nan zuwa kaka. In ba ka gyara da bakinka ba, ni zan gyara da nawa. Ba barazana nake yi maka ba, sanar da kai nake yi don kada ka ce na yi maka ba-zata.

Ina yi maka addu’a kullum, ko da yake kwanakin nan addu’ar da faɗa take fita.

Mahaifiyarka,
Afiniki.

Haɗejia,
Lokacin yankan shinkafa.

Istifanus ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata jikinka lafiya, don muryar da na ji a saƙonka ba ta mai barci ba ce. Kana cin abinci kuwa? Nan an shiga yankan shinkafa, ruwa bai yi ɓarna bana ba, mun gode wa Allah.

Na saurari saƙon muryar da ka turo. Watanni ina neman muryarka ban samu ba, sai da abin ya taɓa tafiyarka. Ka ce na kashe ka, na kashe wahalar shekaru, na zaɓi bare a kan ɗan cikina. Ka ce wace irin uwa ce za ta shiga rediyo ta ƙaryata ɗanta.

Irin wadda ta ba ɗanta damina guda ya yi magana ya ƙi. Na shiga gidan rediyon da ƙafata, ba wanda ya aike ni, ba wanda ya raka ni. Na faɗi sunana da aikina, na ce ni Kirista ce, a nan na yi aure, a nan na binne mijina. Na faɗi wanda ya ba ku sito, da wanda ya ɗauki muryarku, da abin da ya ci gangunanku. Mai shirin ya so ya ja ni in zage ka, ya ce me zan kira ɗan da ya yi haka. Na ce ɗana zan kira shi, a yi tambaya ta gaba. Ban san za a yanki maganata a juya ta da Turanci ta kai har wurin waɗanda suka gayyace ku ba. Amma ko da na sani, da na shiga.

Ka ce sun janye gayyata, gidajen rediyon da ke sa waƙarku sun daina, manaja ya tattara ya koma wurin wasu. Na ji ba daɗi, kada ka ɗauka ban ji ba. Na san yadda kuka kwana a tashar Jos, na san lokacin da ku duka kuke cin kwano ɗaya na shinkafa a Legas. Na yi alfahari da ku ranar da na fara jin muryarka a rediyo, har na fita tsakar gida ina kiran Hajiya ta zo ta ji. Kuna da baiwa. Ba ku buƙaci gobara ba.

Barnabas ya zo. Ban sani ba ko ya gaya maka. Ya sauka da jitarsa a baya, bai shigo wurina ba sai da ya fara tsayawa a zauren Malam Fannami. Ya durƙusa a gaban dattijon nan ya yi kuka har maƙwabta suka leƙo. Daga baya ya zauna ya ba ni labari. Ya ce albam ɗinku na biyu bai tafi ba, mutanen Legas suka ce masu waƙar bishara da Turanci sun yi yawa, sai kun zo da abin da ya bambanta ku. Manaja ya ga tabonka ya tambaya, ka ce na Haɗejia ne, ya ce a bar maganar a haka. Daga “a bar ta a haka” aka ƙara adda, aka ƙara wuta. Ya ce duk lokacin da ka naɗe hannun riga a dandali, shi sai ya sunkuyar da kai ya yi kamar yana gyara tsirkiya. Keziya kuma ta koma gidansu a Kafanchan, ta ce ba za ta iya kuka a kan abin da ba a yi ba kuma. Don haka kada ka ɗora min rushewar Ƙaho Bakwai. Na iske ta a tsage.

Yanzu Barnabas yana taimaka wa Abdulfattah sake buɗe shago. Ba sa yawan magana, amma suna aiki tare.

Ga abin da ya sa na rubuto. Malam Fannami ba shi da lafiya. Ya faɗi a hanyar masallaci, ɓarin jikinsa na hagu ya daina aiki, maganarsa da ƙyar ake ganewa. Ni nake zuwa safe da yamma ina juya shi, ina gwada jininsa. Hajiya ce ta zo da kanta ta kira ni. Na yi aikin nan na ga masu ciwo da yawa, kuma ina gaya maka ba zai daɗe ba.

Ni ka ɓata min rai, amma ba ni ka yi wa ƙazafi ba. Ba zan iya yafe maka a madadinsa ba. Ka bar duk abin da kake yi ka hau mota. In ka iso kada ka fara da ƙofata.

Ubangiji ya ba ka zuciyar tahowa.

Mahaifiyarka,
Afiniki.

Haɗejia,
Gab da Kirsimeti.

Ɗana,

Ina gaishe ka, da fatan ka koma lafiya. Ya gajiyar hanya? Mutanen gidan Malam suna amsa gaisuwa, baƙi sun ragu, Hajiya tana cikin takaba.

Ka tafi ba mu yi sallama ba, don na rufe ɗakina na ƙi fitowa. Gara haka, da na fito a ranar da na faɗi abin da ba ya gogewa.

Ka yi jinkiri har aka binne Malam, wannan na bar wa Allah. Amma ka iso ranar sadakar uku, mutane cike da ƙofar gida, malamai suna addu’a, ka fito daga mota da wani mai kyamara a bayanka, da wani ƙaramin makirfo maƙale a wuyan rigarka. Ina cikin mata na hango ka ta zaure, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ka zo neman gafara, ko ka zo ɗaukar yadda ake neman gafara? Barnabas ya ce min har suna ka raɗa wa bidiyon, wai da shi za ka dawo da ƙungiya. Ka sayar da ƙaryar, yanzu kuma tuban za ka kai kasuwa.

Ka ga abin da Abdulfattah ya yi. Matasa sun miƙe, na ga Inuwa ya tattare riga. Shi kuwa ya taso daga tabarmar makokin ubansa, ya sa tafin hannu ya rufe idon kyamarar, ya ce wa mutumin ya je ya jira a mota. Ya zare makirfon daga wuyanka ya sa maka a aljihu. Sannan ya kama hannunka ya zaunar da kai kusa da shi, inda ’yan’uwa ke zama, don kada wani ya taɓa ka. Ka zauna har la’asar kanka a ƙasa. An ce har ka tashi ba ka roƙi gafarar kowa ba. Ban sani ba ko kunya ce ko kuwa rashin kyamara. Kai ka sani.

Akwai saƙon da aka bar maka. Ban ba ka a ranar ba, don mutumin nan yana mota yana jira, kuma ban yarda da kai ba.

Ana gobe zai rasu, ina shafa masa mai a ƙafa, Malam ya yi ta motsa baki. Hajiya ta kai kunne, ita kaɗai ke gane maganarsa. Ta ɗago ta ce min, “Wai yaron nan mai hayaniya, ki ce masa Malam ya yafe masa. Wai kada ya bar waƙa.” Ta faɗa tana kallon bango, don ita ba ta kai ga yafewa ba tukuna, kuma ba wanda zai ce ta yi sauri. Ni ma ban kai ba.

Na isar da amana. Ba ka roƙa ba aka ba ka, daga bakin mutumin da ya daina zama a ƙofar gidansa saboda kai. Ka yi duk waƙar da za ka yi, da Hausa ko da Turanci, kai kaɗai ko da wasu, ni zan saurara. Amma wannan magana ba ta dandali ba ce. Ranar da na ji ta a cikin baiti, ko a bakinka gaban jama’a ana tafi, ranar ka daina samun takarda daga hannuna.

In za ka zo Kirsimeti, ka zo kai kaɗai.

Mahaifiyarka,
Afiniki.